Shuɗin Malam-Buɗe-Littafi Na Fadamun Turai: Wa Zai Biya Manomi Ladan Jira?

A ƙasashen Turai akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin manoma da hukuma, gardamar ranar yankan ciyawa. Manomi ya duba fadamarsa cikin watan Yuli ya ga ciyawa ta isa yanka, rana kuma ta fito, sai ga takarda daga ofis ta ce ya dakata sai tsakiyar Satumba. Abin da ya jawo wannan kuwa wani ɗan ƙwaro ne wanda bai cika tafin hannun jinjiri ba, watau wani irin shuɗin malam-buɗe-littafi da ke zaune a fadamu da makiyaya masu damshi na can. Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan filin manoma da malam-buɗe-littafi, na Turai ma? To, ruwa ba ya tsami banza. Cikin labarin ƙwaron nan akwai babbar magana wadda ta shafi manomi da ɗan kasuwa da akawun ofis duka: in jama'a suna son a kiyaye wani abu da ke cikin gonar mutum, wa ya kamata ya ɗauki hasarar?

Amsa ba ta da wuyar faɗi. Hukuma ta yi gaskiya wajen ranar, manomi ya yi gaskiya wajen hasarar, jama'ar da ke son ƙwaron kuwa su ya kamata su biya. Amma ba a yanke shari'a kafin a ji shaida, saboda haka sai a fara da sanin ƙwaron tukuna.

KAMANNINSA DA INDA YA KE

Masana sun sa masa suna Phengaris teleius da Latananci, littattafan dā kuma suna kiransa Maculinea teleius. In ya buɗe fukafukansa faɗinsu ba ya wuce inci 1½. Na namijin shuɗi ne mai haske, kamar rigar baba da ta sha wanki, da baƙin gefe da 'yan ɗige-ɗige. Na macen ya fi duhu. In ya rufe su sai a ga ƙarƙashin toka-toka ne, da jeri 2 na baƙaƙen ɗigo. Ana samunsa tun daga Faransa, ya bi ta Jamus da Polan da Hangari, ya ratsa Rasha har Mongoliya da Japan. Yana da wani ɗan'uwa, Phengaris nausithous, wanda ya fi shi duhu, sau da yawa kuma fadama ɗaya su ke zaune.

Yuli da Agusta su ne watannin fitowarsa, amma kowane ɗaya galibi kwana 2 ko 3 kaɗai ya ke yi yana shawagi. Kusan dukan ransa a ƙarƙashin ƙasa ya ke yinsa, a gidan wani. Jamusawa sun taƙaita labarinsa cikin sunan da suka ba shi, gama sun haɗa sunan hakin da ya ke yi wa ƙwai, da kalmar tururuwa, da kalmar shuɗi, suka yi suna ɗaya.

YADDA YA KE RAYUWA

Akwai wani dogon haki a fadamun nan, ya kan kai ƙugun mutum, sunansa Sanguisorba officinalis. Mutanen dā na Turai sun yi maganin tsai da jini da shi. Furensa dunƙule ne a kan dogon tsinke, ja mai duhu, kamar kan yatsa, don haka a nan sai a kira shi jan-kai. Macen ƙwaron nan a Turai ba ta yin ƙwai a kan kome sai jan-kai. Ta kan zaɓi ƙananan kawuna waɗanda ba su buɗe ba tukuna, ta cusa ƙwai ɗaya-ɗaya. Bayan kamar mako 1 ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta shiga cin cikin furen har mako 2 zuwa 3, ta yi saɓa sau 3. Sa'an nan ta bar furen ta sauko ƙasa, tana nan 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

A nan abin mamakin ya ke. Ta kan kwanta a gindin ciyawa tana jira, abin da ta ke jira kuwa wata 'yar jar tururuwa ce mai harbi wadda masana ke kira Myrmica. In tururuwar ta zo kiwo ta ci karo da ita, sai ta dinga shafa ta da 'yan ƙahonninta. Tsutsar tana da wani ɗan gurbi a bayanta mai fid da ruwa mai zaƙi, fatarta kuma tana ɗauke da wari mai kama da na 'ya'yan tururuwar. Tururuwa kuwa da wari ta ke gane nata. Sai ta zaci ɗiyar gidansu ce ta ɓata, ta ɗauke ta a baki ta kai ta cikin rami.

Matan ƙasar Hausa sun san dabarar sa wa kaza ƙwan zabo ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi reno kamar nata. Abin da ke faruwa ga tururuwa ke nan, sai dai da bambanci guda: ɗan zabo ba ya cin 'yan tsaki, wannan baƙuwa kuwa 'ya'yan masu gida su ne abincinta. Ta kan zauna a ramin wata 10 ko 11, waɗansu ma har kusan shekara 2, tana cinsu. Wajen kashi 98 cikin 100 na nauyin jikinta a nan ta ke samunsa. In ɗumi ya komo sai ta hau kusa da bakin ramin, ta ƙudundune cikin ƙwanso kamar mako 3. Ranar fita, da sassafe ƙwaron ya fasa ƙwanson, ya yi sauri ya bar gidan da fukafukansa a naɗe, gama warin da ke kāre shi ya ƙare, in masu gida suka farga sai su far masa.

Hanyar nan tana da haɗari ƙwarai. Tururuwar ba ta nisan kiwo, ba ta wuce kamar yadi 2 daga raminta. In jan-kai ya tsiro inda ba rami kusa, tsutsa ta mutu cikin kwana 1 ko 2. In wata irin tururuwa dabam ta tsince ta, nama ya samu. In kuma tsutsotsi da yawa suka taru a rami ɗaya, sai su cinye 'ya'yan ƙaf su mutu da yunwa, gama rami guda bai cika ɗaukar fiye da 1 ko 2 ba. Ita tururuwar kuma tana da nata sharaɗin. Tana son ƙasa mai damshi wadda rana ke ɗan taɓawa. In ciyawa ta yi duhu ƙasa ta yi sanyi sai ta ƙaura, in aka bi ta da manyan injuna ƙasa ta danne sai ramukan su rushe.

Ashe ke nan sarƙa ce mai zobe 3, haki da tururuwa da lokaci. Dole jan-kai ya kasance a tsaye da furensa tun daga ranar da macen ta fito har ranar da tsutsa ta ƙarshe ta sauka. In lauje ya bi ta wurin a tsakani, ƙwai da tsutsa duk sun tafi cikin dami, na shekarar nan ya ƙare. Ƙwaron da shekara guda ce tsakanin uwa da ɗa kuwa, yanka ɗaya na rashin lokaci ya isa ya kusan share shi daga fadama.

FADAMAR NAN AIKIN MANOMI CE

Mutanen birni da yawa suna zaton irin wannan wuri daji ne da ya tsiro don kansa, manomi kuwa mai ɓarna ne da ya shigo daga baya. Ba haka abin ya ke ba. Tsakiyar Turai ƙasar kurmi ce. In aka bar fili ba yanka ba kiwo, cikin 'yan shekaru dogayen kararen ruwa su rufe shi, ƙananan itatuwa su biyo baya, ƙarshe ya koma kurmi, jan-kai da tururuwa su rasa rana. Abin da ya riƙe fadamun nan a buɗe shekaru ɗaruruwa shi ne bukatar ingirici. Lokacin ɗari a can shanu su kan yi watanni a ɗaki, wanda bai tara busasshiyar ciyawa ba kuwa dabbobinsa ba su ga bazara.

Manoman dā da dogon lauje su ke yanka, irin wanda a ke riƙewa da hannu biyu a tsaye. Ƙaƙƙarfan mutum wajen eka 1 ya ke yankewa a yini. Saboda haka yankan ciyawar ƙauye guda ya kan ɗauki makonni. Wannan ya yanke nasa yau, wancan sai jibi, wani ya yi ciwo nasa ya kai wata. Kullum akwai wani yanki inda jan-kai ke tsaye. Wuraren da suka fi laka su a ke bari sai ƙarshe, sa'ad da ƙasa ta ɗan tsane.

A kudancin Jamus da Suwizalan ma akwai fadamun da ba a taɓa su sai da kaka. Ciyawarsu ta yi tauri da yawa ga ci, amma tana da kyau wajen shimfiɗa wa shanu a ɗaki, musamman a wuraren da ba a noman hatsi sosai balle a sami kara. Ga abin lura ga ɗan kasuwa: mutanen nan ba don tausayin ƙwaro su ke jira ba. Jiran yana da riba ne, gama shimfiɗar tana da amfani tana kuma da kasuwa. Da aka sake fasalin ɗakunan shanu aka daina bukatar shimfiɗa da yawa, dalilin jiran ya faɗi, ƙwaron kuwa ya faɗi tare da shi.

HANYA BIYU NA HALAKA

Hanya ta fari ita ce yawan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Turai ta sha yunwa, musamman Holan cikin ɗarin 1944 zuwa 1945, gwamnatoci suka ɗaura niyyar kada haka ya sāke faruwa. Aka haƙa magudanu aka tsane fadamu, aka haɗe ƙananan gonaki suka zama manya, aka kawo tarakta da takin zamani. Daga 1962 ƙasashen Kasuwar Turai suka kafa tsarin noma na bai ɗaya, suka lamunce wa manomi farashi. Fadamar da a ke yanka sau 1 ko 2 a shekara ta koma ana yanka ta sau 4 ko 5, tun daga Mayu, ana adana ciyawar ɗanya. Abin da ƙauye ke yi a wata guda injin ya yi shi a yini. Taki mai yawa kuma ya kan ƙarfafa ciyawa iri biyu ko uku, su danne sauran, har da jan-kai. Zuwa 1976 ƙwaron nan da ɗan'uwansa mai duhu duk sun ƙare a Holan.

Hanya ta biyu ita ce rashin aiki. A gabashin Turai, bayan canjin mulki na 1989, filaye da yawa sun zama ba mai yanka su, gama riƙon 'yan shanu kaɗan ya daina biya, samari suka tafi birni. Shekarun fari ƙwaron ya kan ji daɗi, tun da ba lauje. Daga baya sai labari ya juya. A fadamun da ke kewaye da birnin Krakow na Polan, inda a ke da shi da yawa, wani baƙon haki mai rawayan fure da aka kawo daga Amurka don ado, sunansa Solidago, ya mamaye filayen da aka bari, ya yi duhu, jan-kai da tururuwa suka ragu a ƙarƙashinsa.

Har masu son ƙwaron ma sun taɓa halaka shi da kyakkyawar niyya. A Ingila akwai wani ɗan'uwan nasa, Phengaris arion, mai zama a busassun tuddai, shi ma ɗan renon tururuwa ne. Da aka ga yana raguwa sai aka ɗora laifin a kan masu kama shi da raga don ajiya, har aka kewaye wani wurinsa da shinge. Shingen da ya hana masu raga shi ya hana dabbobi kiwo. Cutar da ta shiga zomayen ƙasar a 1953 kuma ta kashe yawancinsu, su ne kuwa ke aske ciyawar tuddan. Ciyawa ta ƙara tsawo kaɗan, ƙasa ta yi sanyi, irin tururuwar da ke renonsa ta ja da baya. Wani masani, Jeremy Thomas, ya yi shekaru yana bin sawun tururuwar nan a lardin Devon har ya gano dalilin, amma ganowar ta zo a makare, a 1979 ƙwaron ya ƙare a Ingila. Garin neman gira an rasa ido. Sai da aka komo da kiwo, aka ɗebo iri daga tsibirin Oland na Suwidin wajen 1984, sa'an nan ya sāke kafuwa.

Akwai wani abu cikin labarin Ingila da ya kamata akawu ya riƙe. Tururuwar da ta maye gurbin waccan sa'ad da ciyawa ta yi tsawo, Myrmica scabrinodis, ba ta amfana wa na tudu kome ba, amma ita ce babbar uwar renon na fadama. Abin da ke magani a tudu guba ne a fadama. Doka guda da aka rubuta a ofis don dukan ƙasa ba ta iya ɗaukar wannan bambanci.

MAGANIN SANANNE NE

Yau ba a cikin duhu a ke ba. An san abin da ƙwaron fadama ke bukata. A yi yanka, amma a yi shi kafin wajen tsakiyar Yuni, don jan-kai ya sami lokacin sāke tohowa ya yi fure kafin macen ta fito, ko kuwa a bari sai bayan tsakiyar Satumba, sa'ad da tsutsa ta riga ta shiga rami. A kwashe abin da aka yanka, kada a bar shi ya ruɓe ya zama taki. Kada a zuba takin zamani, kada a zurfafa magudana, kada a shiga da injin mai nauyi ƙasa tana jiƙe. A bar wani yanki ba a yanka ba, a riƙa sāke masa wuri shekara-shekara. A lardin Orseg na Hangari an gwada abin a fili: aka yanke wani yanki a Mayu, wani a Satumba, wani sau 2, wani aka ƙyale shi. Yankan Satumba shi ya fi wa ƙwaron kyau, wanda aka ƙyale kuwa baƙon hakin nan na Amurka ya shige shi.

Doka ma tana nan. Tun 1992 Tarayyar Turai ta sa ƙwaron nan da ɗan'uwansa mai duhu cikin halittun da dole a kiyaye su da mazauninsu. Amma doka a takarda ba ta riƙe hannun mai tuƙa injin. A shekarar 2020, kusa da ƙauyen Posterholt na lardin Limburg, inda kaɗai mai duhun ya rage a Holan, aka yanke ciyawar bakin magudana bisa kuskure daidai lokacin da ƙwai ke cikin furanni. Ba manomi ne ya yi yankan ba, aikin hukumar ruwa ne. Abin da ke cikin kundi bai kai ga mai aikin ba, shi ke nan.

TO, WA ZAI BIYA?

Hasarar manomi ba ta baki ba ce. Duk mai dabba ya san ciyawar da aka yanka tana ɗanya shar ta fi wadda ta tsufa ta yi kara. In ciyawa ta yi fure ta zub da iri, abin gina jiki da ke cikinta ya ragu, ta yi tauri, saniyar tatsa ba ta ba da nono da ita. Ingiricin Satumba sai dawaki, ko shimfiɗa. Ga shi kuma rana ta yi sanyi a can cikin watan nan, shanya ta yi wuya. Wanda aka hana shi taki da magudana, aka kuma hana shi yanka cikin watanni 3 mafi kyau, an rage masa abin da fadamarsa za ta ba shi, dole ya sayi abincin shanu a waje. Maƙwabcinsa wanda ya riga ya tsane tasa fadamar shekaru 40 da suka wuce ba wanda ya hana shi kome, gama ba sauran ƙwaro a wurinsa. Watau wanda ya kiyaye shi a ke hora. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗansu su kan ce, manoma suka ɓata, su gyara da kuɗinsu. Wannan magana ta manta da tarihi. Gwamnati ce ta haƙa manyan magudanu, ita ta aiko malaman gona su koya wa manomi zuba taki, masu saye a birni kuma su suka nemi nono da nama masu araha. Manomi ya yi abin da aka ce ya yi. In yau jama'a sun sāke shawara suna son fure da ƙwaro tare da nono, sabon kaya ne suka yi oda, mai oda kuwa shi ke biya. Turai ta yarda da wannan bisa ƙa'ida, gama tun 1992 aka wajabta wa ƙasashen Tarayyar su shirya biyan manoman da suka ɗauki alkawarin irin wannan aiki, galibi na shekara 5. Daidai ne. Sai dai biya iri-iri ne. In kuɗin bai kai hasarar ba, ko ya zo a makare, ko takardun neman sa suka fi ƙarfin mai shanu 10, to, ƙaramin manomi zai bar fadamar, shi ne kuwa ke riƙe da irin wuraren da ƙwaron ya rage. Tsarin noman Tarayyar ya ɗauki wajen kashi 1 cikin 3 na kasafinta na 2021 zuwa 2027. Ba rashin kuɗi ne matsalar ba, wurin da a ke zuba su ne.

Waɗansu kuma su kan ce, me ƙwaron ya tsinana wa mutum? Gaskiya ita ce ba ya ba da zuma, ba a sayar da shi, ba kuma shi ne babban mai barbarar amfanin gona ba. Amfaninsa na shaida ne. Tun da ya ke ba ya rayuwa sai haki da tururuwa da damshi da lokaci duk sun daidaita, ganinsa a fadama ya nuna fadamar tana da lafiya: tana riƙe ruwan ambaliya kafin ya kai gari, tana ba da ciyawa ba da sayen taki ba, ƙudan zuma da tsuntsaye suna samun abinci. Ƙidayar da a ke yi a ƙasashen Turai ta nuna malam-buɗe-littafi na filayen ciyawa sun ragu da kashi 39 cikin 100 tsakanin 1990 da 2017. Ɗan kasuwar da ya ga ma'auninsa yana nuna ragi ba ya jefar da ma'aunin, buhun ya ke dubawa.

Ga kuma lissafin da ya fi kowane ƙarfi. A 1990 Holan ta aika Polan aka ɗebo ƙwari 86 na mai hasken da 70 na mai duhun, aka sake su a Moerputten, kusa da birnin Den Bosch. Mai hasken ya kama, amma shekara da shekaru yana maƙale a fadama guda, gama duk kewaye gonaki ne da suka sha taki. Don a faɗaɗa masa wuri, daga 2012 aka shiga wani babban aiki da taimakon kuɗin Tarayyar Turai. Aka kankare saman ƙasar tsofaffin gonaki wajen inci 16 aka kwashe da motoci, don taki ya yi mata yawa. Aka yanko ciyawa mai iri daga tsohuwar fadama aka baza, har aka yanko faifan ƙasa da saiwoyinsa aka dasa don a jawo tururuwa. Hakin bai yi wuyar tsirowa ba, tururuwa ce ke zuwa a hankali. Duk wannan ɗawainiya don a sāke yin abin da tsohon manomi ke yi kyauta da laujensa. In aka gwada kuɗin motocin nan da abin da za a ba manomi kowace shekara ya jira Satumba, ba sai an kira akawu ba. Rigakafi ya fi magani.

YADDA YA KAMATA A BIYA

Biyan ya kai hasarar, ya kuma zo kan kari, kafin manomi ya sayi abincin shanu na lokacin ɗari. Alkawarin ya yi tsawo, gama ba mai riƙe ƙaramin injin da 'yan shanu masu cin ciyawa mai tauri saboda alkawarin da za a iya sokewa baɗi. Ranar yanka kuma a sa ta da shawarar mai fadama, a bar masa sarari. Shekara ba ta zuwa iri ɗaya, wata ɗumi ya zo da wuri, wata ya makara, fadamar kwari ba ta nuna tare da ta gindin dutse. In aka ce kowa ya yanka ran 16 ga Satumba, kowa zai yanka ran 16 ga Satumba, lardi guda ya zama aski ɗaya a yini ɗaya, abin da manoman dā ba su taɓa yi ba. Malamin da ya san tururuwa da manomin da ya san inda ruwa ke kwana, in suka taka fadamar tare, za su fi takarda gane ranar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙwaron nan ba ya ƙasar Hausa, amma darasin lokaci ba baƙo ba ne ga masu fadama. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sāke lokacin zuwan ruwa da janyewarsa. Ko a Turai ko a nan, fadama tana tafiya da kalanda, mai aikinta kuwa yana cikin kalandar. Kafin a tsane ta, ko a datse ta, ko a kewaye ta da shinge don kiyayewa, ya kamata a tambayi wa ke aiki a cikinta, a wane wata, me kuma ke dogara da aikin nan nasa. In kuwa aka ce masa ya jira don amfanin kowa, to, kowa ya sa hannu a aljihu. Wanda ya ce a ajiye lauje, shi ke da alhakin abincin saniya.